Fassu Miyan, Shehin Rabin Fim

"Ni Fasihuddin, in na ga farkon fim, to na ga ƙarshensa. Shi kansa wanda ya rubuta, da zai zo ya durƙusa ya tambaye ni, da na nuna masa inda ya kauce hanya. A duk Bhopal, daga bakin tafki har tashar jirgi, babu idon da ya kai nawa."

Wannan maganar wan mijina ce, wanda ake kira Fassu Miyan, kamar a ce malam Fassu, kuma ba sau ɗaya ya yi ta ba. Ki gyara zama, 'yar'uwa, in ba ki labarinsa. Ina fata ba za a rubuta mini shi a cikin gulma ba, tunda shi da kansa ya yi abin a gaban mutane cike da sinima.

Bhai Sahab, wato babban yaya, yadda nake kiransa, gajere ne, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki. Gashinsa rine yake da lalle, ja zur, in ya tsaya a rana sai ki ce an kunna wa kansa wuta. Bakinsa ma ja ne saboda taunar paan, ganyen nan da ake taunawa kamar goro, ga makullan gidan gaba ɗaya a ƙugunsa suna kacau-kacau kamar akuya mai ƙararrawa. Shagon yadi suka gada su biyu. Mijina Wajahat ya gaji aikin, shi kuma ya gaji kujerar. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta, ta huta da sharhi. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, kuma shi ne babba, don haka ko gishiri za a saya sai an ji ra'ayinsa.

Amma sarautarsa ta gaske tana kan dakalin dutsen da ke bakin layinmu, inda maza ke taruwa da yamma da kofunan shayi. A can shi ne alƙalin fina-finai. In ya ce a kalla, sai a kalla. In ya ce a bari, ko mai sinima ya yi kuka ba za a je ba.

Abin da 'yan dakali ba su sani ba, mu na cikin gida mun sani. Sabon fim ranar Juma'a yake fitowa, kuma Bhai Sahab ba ya yarda wani ya riga shi, sai ya shiga nunin farko na tsakar rana. To, daidai lokacin da ake kunna fitilu don hutun tsakiya, daidai nan lokacin Juma'a ke yi. Sai ya zabura ya fita zuwa masallaci don kada a ce dattijo ya bar salla saboda rawa da waƙa. In an sallame sai yunwa, in an ci shinkafar biriyani sai barci. Rabin fim na biyu kuwa, shi da shi sai dai a lahira. Da yamma ya hau dakali ya yanke hukunci, alhali babu wanda ya gani tukuna balle ya musa. Wanda ya je ya gani ya dawo da ƙorafi ranar Talata, sai ya ce masa, "Miyan, kai har yanzu kana kan tsohon zance? Mu mun wuce nan."

Sau ɗaya ya kusa kamuwa. Ya ce wa maƙwabcinmu wani fim na ban dariya ne tsantsa, mutumin ya kwashi tsohuwarsa mai hawan jini ya kai ta ta sha iska. Bayan hutu aka kashe kowa a fim ɗin, har karen gidan. Da mutumin ya zo da faɗa, Bhai Sahab ya dube shi da tausayi ya ce dariyar tana can ƙasa ne, ba kowane kai ke kaiwa gare ta ba.

Duk wannan bai dame ni ba, don ƙaryar dakali ba ta taɓa hana ni cin abinci ba. Sai da maganar auren ɗana Tabish ta taso.

Tabish ya ga wata yarinya, Samrin, a makarantar da yake koyarwa, ita ma malama ce. Ya ga ta yi masa, na je na gani, ni ma ta yi mini. Mahaifinta Nusrat Sahab tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Mun kai tambaya, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Muka kuma ji akwai wasu mutanen garin Indore da ke zarya, masu gida hawa uku. Abin da ya tsaya wa Nusrat Sahab a rai ɗaya ne: gidanmu na gandu ne, 'yarsa za ta zauna ƙarƙashin wanda ke riƙe da makullai. Yaron sun yarda da shi. Babban gidan suke so su sani. Kin ga ke nan auren ɗana ya rataya a ƙugun Bhai Sahab tare da makullan.

Ranar da suka zo ganin gida na yi girki kamar na Idi. Suka zo su uku, Nusrat Sahab da matarsa da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da kowa ke kira Dadi Bi, mai tabarau kamar gindin kwalba. Kafin su iso na roƙi Wajahat ya roƙi yayansa ya rage magana. Wajahat ya ce to. Wajahat tun da aka haife shi bai taɓa ce wa yayansa komai ba sai to, kuma ni ma abin da ya ce mini ke nan.

An sha shayi, an yi maganar zafi, an yi maganar tsadar albasa, zance ya ƙare. Kin san yadda ake yi in baƙi sun zauna ba su san juna ba, sai a faɗa kan abin da ake kalla. Dadi Bi ce ta buɗe ƙofar. Ta ce akwai wani wasa mai dogon zango da take bi a talabijin kullum bayan isha'i, ko mu ma muna gani? Na buɗe baki zan ce ina leƙawa jefi-jefi, sai na ji makullai sun motsa.

Bhai Sahab ya ce ai wannan wasan a tafin hannunsa yake. Ya ce ta shirya zuciyarta, don surukar nan mai mugunta ba za ta kai ƙarshen wata ba, mutuwa za ta yi, ya ga alamun tun tuni.

Dadi Bi ta dube shi ta saman tabarau. "Ai ta mutu tun azumin bara, Miyan. Har ta dawo da sabuwar fuska."

Wani da tuni ya nemi kofin shayinsa ya ɓuya a ciki. Ban da Bhai Sahab. Ya yi dariya ya ce gwada ta yake yi, kuma ma talabijin abin rage dare ne na masu zaman gida, shi mutumin babban allo ne. Daga nan ya kama hanya ba birki. Ya ce Juma'ar da ta wuce ya ga fim ɗin da bai ga irinsa ba tun yana saurayi, sunansa Inuwar Gida, labarin wata amarya da aka kai gidan gandu. Babu tsiraici, babu shashanci, ko liman zai iya kai iyalinsa. Ya ce a cikinsa akwai baffan ango, wan uba, babban gida, mai jan gashi da makullai a ƙugu, wanda ya riƙe amarya kamar 'yar cikinsa.

"Nusrat Sahab," ya ce, yana buga ƙirji, "ba sai kun wahalar da kanku da tambayar maƙwabta ba. In kuna so ku san wane ne ni, ku kalli baffan nan. Ni ne. Ban san inda marubucin ya gan ni ba, amma ya gan ni. Daren biki amarya ta cire zinarenta ta damƙa masa ya sa a kabad ɗin ƙarfe. Haka ake yi a gidan mutunci, kuma haka za mu yi wa Samrin. Kabad ɗina na nan, ko iska ba ta shiga."

Sai ya ce ranar Lahadi shi zai kai gidajen biyu su gani da idonsu, tikiti a wuyansa. Nusrat Sahab ya ce shi rabonsa da sinima tun kafin a haifi Samrin. Dadi Bi ta ce ita kam za ta je. Da tsohuwa ta ce za ta je, magana ta ƙare.

Da suka tafi na same shi yana sakace. Na rusuna na ce, "Bhai Sahab, fim ɗin nan dai kun gan shi har ƙarshe ko?"

Ya dube ni kamar na tambayi kifi ko ya iya iyo. Ya ce likita ba ya buƙatar shanye kwalbar jini kafin ya san cuta, ɗigo ya ishe shi. Ya ce in je in ji da tukunyata.

Na koma kan Tabish na ce ya bincika a wayarsa yadda fim ɗin ya ƙare. Ya duba ya ce kowa cewa yake kada a faɗa wa wanda bai gani ba. Kuma yaron nan tun da ya ji zai zauna layi ɗaya da Samrin, ko cewa aka yi sinimar gobara za ta yi, da ƙafarsa zai je. Ban sami mataimaki ba sai Allah, na kuwa dame shi a sallolina har Lahadi.

Ranar Lahadi Bhai Sahab ya fito daga ɗaki, na kusa sakin tiren hannuna. Ya sake sabon lalle. Ya je ya sa an ɗinka masa koriyar falmaran mai ratsin zinare, irin ta baffan fim sak. Har sanda ya aro. Ya ƙara makullai a ƙugu, wasu ma na tabbata ba su buɗe komai a duniya.

A ƙofar sinima akwai babban hoto. Ni karatuna a hankali nake yi, harafi na bin harafi, don haka na tsaya na haɗa abin da aka rubuta a ƙasa: kowane gida da macijinsa. Na nuna masa. Ya ce e mana, direban gidan ne, tun fitowarsa ta farko ya gane shi, mai gashin baki irin wannan ba ya rasa mugunta.

Muka hau bene muka cika layi guda. Samrin tana tsakanin uwarta da kakarta, Tabish yana can ƙarshe yana kallon komai ban da allo. Bhai Sahab ya dasa kansa a tsakiya, kusa da Nusrat Sahab.

Rabin farko kam nasa ne, ban hana shi ba. Kafin jarumi ya buɗe baki ya faɗi abin da zai ce. Kafin a fara waƙa ya fara kaɗa ƙafa. Duk lokacin da baffan ya fito, sai ya juya ya sanar da na baya da na gaba cewa su duba da kyau, wannan shi ne. Da baffan ya goge wa amarya hawaye ya ce daga yau ita 'yarsa ce, Bhai Sahab ya faɗi kalmomin tare da shi, har da rawar murya. Wasu samari a bayanmu suka tafa masa. Wani ya miƙo masa gyaɗa. Kafin a kunna fitila duk benen ya san baffan ango yana tare da mu da ransa.

A hutun tsakiya jikinsa ya miƙe da kansa ya nufi ƙofa, saboda sabo. Sai da ya kai matakala ya tuna yau Lahadi ce, ya wayance ya sayo wa kowa samosa. Ina ji Nusrat Sahab ya sunkuya ya ce wa Wajahat, gidan da ke da babba irin wannan, yarinya ba ta wulaƙanta a cikinsa. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce ƙila Allah ya dubi maraicin wannan bawa nasa ya sa hasashensa ya faɗa daidai ko sau ɗaya.

Dadi Bi ta tambaye shi me zai faru gaba. Ya ce shi ba ya ɓata wa mutane kallo, amma ta sa ido kan direba.

Aka kashe fitilu. Na zaro carbina a ƙarƙashin mayafi.

Abin da aka fara nunawa shi ne direba ya faɗa rijiya wajen ceton ɗan akuya, ya mutu, ana kuka. Bhai Sahab ya yi tari ya ce dabara ce, zai dawo. Bai dawo ba.

Sai ga baffa yana sanɗa, kowa na barci, ya buɗe kabad ɗin ƙarfe ya kwashe zinaren amarya ya zuba a aljihun koriyar falmaran. Kiɗan ya sauya ya zama irin wanda ake yi wa kura. Bhai Sahab ya ce wa Nusrat Sahab, da muryar da duk benen ya ji, wajen maƙeri zai kai a wanke mata, don ya ba ta mamaki.

Baffa ya shiga shagon mai karɓar jingina. Bhai Sahab ya ce awo ya je yi, don a san zakkar da za a fitar. Mutum ne mai tsoron Allah.

Baffa ya fito da damin kuɗi, ya ajiye sarƙa ɗaya a aljihu, ya shiga wani lungu, ya hau wani bene mai jajayen fitilu, ya ɗaura sarƙar a wuyan wata 'yar rawa. Bhai Sahab ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ƙanwar baffan ce da ta ɓata tun suna yara, yanzu za a bayyana.

Aka fara ruwan sama a allo, aka saki kiɗa, baffa ya yar da sanda ya kama ƙugun ƙanwar tasa suna juyi. Waƙar nan ta yi tsawon da ban taɓa jin irinsa ba. Na rufe idona, na buɗe, suna nan. Na yi istigfari zagaye guda na carbi, na buɗe, tumbin baffa na nan yana rawa cikin jiƙaƙƙiyar falmaran.

Ɗaya daga samarin baya ya leƙo ya ce, "Baffa, wannan ma kai ne?"

Benen ya ɗauki dariya. Nusrat Sahab ya janye gwiwar hannunsa daga hannun kujerar da suke rabawa, ya naɗe ta a cinyarsa. Matarsa ta sa hannu ta dafe awarwaron Samrin.

Sauran ba sai na ja miki ba. Baffa ya sa zinaren ƙarya a kabad, ya tara gida ya ce amarya ce ta zo da jabu, aka kore ta cikin ruwa da akwati a ka. Ya sayar da gonar ƙaninsa. Ya sa wa angon magani a madara. Babu wani zunubi da aka sani wanda mutumin nan bai taɓa ba kafin a tashi, kuma kowanne da makullai a ƙugu yake yin sa, kacau-kacau. Namu kuwa ya sa hannu biyu ya danne nasa don kada su yi ƙara. Yana ta nutsewa cikin kujera, har ya zama in kin duba ba ki ganin komai sai jan gashi kamar an ajiye tumatir.

A ƙarshe asiri ya tonu. Mutanen unguwa suka shafa wa baffa baƙin tukunya a fuska, suka rataya masa sarƙar tsofaffin takalma, suka ɗora shi kan jaki yana kallon wutsiya, aka zaga gari da shi. Sinima ta kaure da tafi da fito. Aka kunna fitilu, sai ga koriyar falmaran mai ratsin zinare a tsakiyar layi, tana sheƙi.

Wani ya ce a ba baffa hanya. Wani ya ce mata su riƙe sarƙoƙinsu. Wani ya tambaya ko jakin yana ƙasa yana jira ne, ko a kira masa. Haka muka sauko, mutane na darewa gefe biyu kamar an zo da ango.

A waje Nusrat Sahab ya ɗaga hannu yana tsayar da riksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Na dubi Tabish, fuskarsa ta yi fari kamar alli. Samrin ta sunkuyar da kai. Na san in suka hau abin nan suka tafi a haka, mutanen Indore sun ci.

Bhai Sahab ya sha gabansu yana share gumi. Ya ce an canza fim ɗin, wanda aka nuna ranar Juma'a daban ne, masu sinimar nan ba su da amana, zai kai ƙara. Sai kuma ya ce to ko ma ba a canza ba, marubucin ne ya lalata labarin, baffa irin wannan ba zai taɓa yin haka ba, shi ya san shi. Daga nan ya ce shi fa da ya ce shi ne, baffan kafin samosa yake nufi.

Dadi Bi ta riga ta sa ƙafa ɗaya a riksha. Ta sauke ta, ta juyo, ta dogara da sandarta.

"Miyan, tambaya ɗaya zan yi maka, don jikata za a kai gidanka. Ka ga fim ɗin nan har ƙarshe, ka san abin da mutumin ya aikata, sannan ka ce kai ne, ka ce a kawo maka zinare? Ko kuwa ba ka gani ba, ka cika mana kunne?"

Kin ga inda aka tsare shi. In ya ce ya gani, ya zama ɓarawo mai sanar da zuwansa. In ya ce bai gani ba, dakali ya rushe, don cikin masu fitowa akwai mutum biyu 'yan layinmu da suka zo bisa shawararsa, sun kuwa tsaya sun kasa kunne. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi Wajahat, wanda ya ga wani abin sha'awa a kan takalminsa. Sai ya dubi Tabish. Zan faɗi gaskiya saboda Allah, yana son yaron nan, shi ya goya shi a wuya yana ƙarami.

"Rabi na gani," ya ce.

Dadi Bi ta ce kunnenta ya tsufa, ya ɗaga murya.

"Rabi na gani."

"Wannan kaɗai, ko duka?"

Ya ce duka. Ɗaya daga 'yan layinmu ya ce inna lillahi, shekara da shekaru ashe kan rabi muke zaune.

Da a nan ya tsaya, da ya tsira da ɗan abin rufe jiki. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya ga akwai sauran igiya ɗaya, ya kama. Ya gyara falmaran, ya ɗaga kai, ya ce e, rabi yake gani, kuma ba ya jin kunya, domin hutun tsakiya yana faɗawa kan lokacin Juma'a. Ya ce shi mutum ne da in ladan ya kira, ko an kai wajen da za a kashe jarumi sai ya tashi. Wasu na zaune suna kallon 'yan rawa, shi yana gaban Ubangijinsa. In wannan laifi ne, ya amsa.

Har na ga matar Nusrat Sahab ta fara gyaɗa kai. Sai Nusrat Sahab ya yi magana, a karo na farko tun da aka fito.

"A wane masallaci, Fasihuddin Sahab?"

Ya ce wannan na bayan sinima.

"Nan nake salla. Me liman ya yi wa'azi a kai, Juma'ar nan?"

Bhai Sahab ya ce a kan haƙuri. Ya ga fuskar ba ta motsa ba, ya ƙara da tsoron Allah. Ya ƙara da biyayyar iyaye, da mutuwa, da halin da al'umma ke ciki.

"A kan masu ajiye babur a bakin ƙofar masallaci ya yi," in ji Nusrat Sahab. "Daga farko har ƙarshe."

Sai ga Wajahat, mijina, wanda bai taɓa tsoma baki a maganar yayansa ba tun da uwarsu ta yaye shi. Shi a zuciyarsa taimako zai yi. Ya ce a yi wa yayansa uzuri, ba ya samun wa'azi, don kafin ya fito daga sinima ya tofar da paan ya yi alwala, an yi nisa. Amma raka'a ta biyu ba ta taɓa wuce shi ba, wannan shi shaida ne.

Bhai Sahab ya dubi ƙaninsa kamar ya haɗiye shi. Dadi Bi ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta kalle shi tun daga jan gashi har takalmi. Kafaɗunta suka fara rawa. Samrin ta toshe baki da gyale. Ni dai carbina na riƙe, ban san ko dariyar alheri ce ko ta sallama ba.

"Fim, rabin farko," in ji tsohuwa. "Juma'a, rabin ƙarshe."

Ta miƙa wa ɗanta hannu ya taimaka mata ta hau riksha, ta zauna ta gyara mayafi.

"Nusrat, ka ba su yarinyar. Ka sa rana. Wannan bawan Allah ba zai iya cutar da kowa ba. Ko ya buɗe kabad ɗin da niyyar sata, yana kwashe rabi zai ji yunwa ya tafi cin biriyani."